Tsutsar da ke cinye ganyen zogale a garka, da dalilin da ya sa feshi bai kawar da ita ba

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da garka a gefen Daura, na dasa zogale kusan gindi ɗari uku ina ba shi ruwa da rani, mata masu kwaɗo suna zuwa saye. Tun da sanyi ya wuce wata 'yar koriyar tsutsa ta sauka a kansa, tana haɗe ganye da zare, ganyen ya koma fari ya bushe. Na yi feshi da piya-piya har sau biyu, sai ta ɗauke na kwana kaɗan ta dawo fiye da da. Da dare kuma ina ganin wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suna taruwa a fitilar bukkar gadi. Shin suna da alaƙa da tsutsar? Kuma mene ne maganinta, don masu saye sun fara juya baya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a cikin sana'a, ya mayar maka da abin da ka rasa. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko wace ce wannan tsutsa da inda take fitowa, kana kuma son sanin abin da ya sa maganin da ke kashe sauro da kyankyaso nan take ya kasa raba ka da ita. Akwai kuma wata tambaya da ba ka yi ba, wadda a ganina ta fi waɗannan nauyi, wato ko ya dace a zuba irin wannan magani a kan ganyen da za a tsinka gobe a dafa a ci. Amsar a taƙaice ita ce, ƙwarin da kake gani a fitila akwai iyayen tsutsar a cikinsu, kuma feshi ɗaya ko biyu ba ya gamawa da ita saboda a kowane lokaci wani kaso nata yana ɓoye inda magani ba ya kai. Abin da ke cin ta shi ne sanin lokacinta, ba ƙarfin guba ba.

Ko wace ce ita

Bayanin da ka yi, wato ganyen da aka haɗe da zare kuma ya koma fari ya bushe, ya yi daidai da aikin tsutsar wata ƙaramar faɗa-wuta da masana ƙwari ke kira Noorda blitealis. Wani masanin ƙwari ɗan Ingila mai suna Francis Walker ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1859. Tana da faɗin yaɗuwa ƙwarai, domin kusan duk inda zogale ya samu gindin zama ta bi shi. An san ta a Indiya, wadda ita ce asalin ƙasar zogale, an san ta a Siri Lanka da Tailan da yankin Larabawa, haka nan a Habasha da Sudan da Burkina Faso. A Jamhuriyar Nijar masu bincike sun wallafa bayani a kanta a shekarar 2011, inda suka ambace ta a matsayin babbar mai ɓarnar zogale a ƙasar, kuma kai da kake Daura ka san tsakaninmu da Nijar babu wani shinge da zai tare ƙwaro mai fiffike. Danginta ɗaya ne da tsutsar da ke huda karan gero da wadda ke shiga furen wake da kwansonsa, saboda haka ba baƙuwar zuriya ba ce a gonakinmu.

Akwai wata 'yar'uwarta mai suna Ulopeza phaeothoracica, wadda masu bincike a Kano suka ba da rahoto a shekarar 2014 cewa ta yi wa zogale mummunar ɓarna a ƙaramar hukumar Ungogo. Manomi ba zai iya rarrabe su da ido cikin sauƙi ba, amma wannan ba abin damuwa ba ne sosai, tunda yadda ake tunkarar su kusan ɗaya ne.

Ita uwar Noorda blitealis ƙarama ce, ko ta buɗe fikafikanta faɗinta bai wuce kimanin santimita biyu ba. Fikafikan gaba masu duhu ne, tsakanin ƙasa-ƙasa da baƙi, na baya kuma fari-fari ne da baƙin baki. Da rana tana lafewa a ƙarƙashin ganye ko cikin ciyawa, sai magariba ta yi take tashi. Ba ta cin ganye ko kaɗan, domin bakinta na tsotso ne, aikinta kawai saduwa da zuba ƙwai. Sai dai kada ka ɗauka duk abin da ya taru a fitilarka ita ce, saboda haske yana jan ƙwari iri-iri, har da masu amfani.

Ƙwan takan zuba shi ne tsibi-tsibi a kan sabon toho mai laushi, launinsa fari-fari, kuma mace ɗaya tana iya zuba fiye da ɗari biyu kafin ta mutu. Binciken da aka yi a Indiya ya nuna ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana uku ko kusa da haka, tsutsar ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci, sa'an nan ta sauko ƙasa ta shiga cikin turɓaya kusa da gindin itacen, ta naɗe kanta a cikin ɗan gida na zare da ƙasa, ta kwanta kwana 6 zuwa 9 kafin ta fito da fiffike. Idan ka haɗa lissafin za ka ga daga ƙwai zuwa wani sabon ƙwai bai wuce mako uku zuwa huɗu ba a lokacin zafi. Ka riƙe wannan lissafi, domin a kansa duk shawarar da zan ba ka ta dogara.

Da safe ka je ka tsaya gindin itace ɗaya ka duba da kyau. Ƙaramar tsutsa ba ta huda ganye, kankare koren naman take yi ta bar siririyar fatar, shi ya sa idan ka ɗaga ganyen sama za ka ga haske yana ratsa shi kamar takardar da aka ƙunsa ƙosai. Idan ka buɗe ganyayyakin da aka liƙe za ka tarar da ita a ciki tare da baƙin kashinta ƙanana-ƙanana maƙale a zaren. Jikinta sumul yake, ba ta da gashi irin na gizaka, launinta kuma yakan bambanta, wata koriya, wata fari-fari, wata da ɗan ja-ja idan ta kusa sauka ƙasa. Ka girgiza reshen kaɗan, za ka ga wasu sun yi baya da sauri sun saki jiki sun rataya da zare a iska, in sun ji shiru su sake hawa. Idan ta girma takan cinye ganyen gaba ɗaya ta bar jijiyoyi, in ganye ya ƙare kuma ta koma kan tohon kai da lallausan ɓawon reshe.

Idan ba ka ga zare ba kuma ba ka ga kashi ba, to ka sake tunani. Babe da fara daga gefe suke yagar ganye, ba sa saƙa komai. Ganyen da ya yi rawaya yana zuba ba tare da alamar ci ba, sau da yawa ruwa ne ya yi masa yawa, domin zogale ba ya son kwanciyar ruwa a gindinsa. Itacen da ya bushe daga ƙasa kuwa a duba gara.

Abin da ya sa ta dawo bayan feshi

A garkar da tsutsar ta kai wata guda da sauka, ba zubi ɗaya ne a ciki ba. A rana guda akwai ƙwai a kan toho, akwai ƙananan tsutsotsi da manya, akwai na kwance a ƙasa, akwai kuma iyaye masu tashi da dare. Piya-piya, wanda sinadarin cikinsa shi ne dichlorvos ko DDVP, magani ne mai saurin kisa amma mai saurin tashi a iska, musamman a zafin bazara irin namu. Ranar da ka fesa ya kashe tsutsar da ya taɓa, waɗanda ke cikin naɗaɗɗen ganye wasu sun tsira saboda zaren ya kare su, na cikin ƙasa kuwa ko labari ba su ji ba. Bayan mako guda suka fito da fiffike, suka tarar itacen ya yi sabon toho, suka zuba ƙwai. Kwanakin da ka ga ta ɗauke su ne tazarar da ke tsakanin zubin da ka kashe da wanda ke tafe.

Dawowarta fiye da da kuma tana da dalili. Tsutsar nan tana da masu cin ta da yawa a garka, waɗanda suke yi maka aiki ba ka biyan su. Gizo-gizo yana kama ta, ƙoƙi-ƙoƙi yana kama ta, tururuwa suna jan wadda ta faɗo ƙasa, tsuntsaye da ƙadangaru suna tsince ta. Idan ka taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a bango, za ka tarar ya cika shi da 'yan tsutsotsi ko gizo-gizo da ya sumar ya ajiye wa 'ya'yansa, kuma rina ma da tsutsa take ciyar da nata. Maganin da ba ya zaɓe yakan share waɗannan duka, su kuma ba sa hayayyafa da sauri irin na tsutsar, saboda haka zubin da ya biyo bayan feshi yakan taso babu mai tare shi. Idan aka ci gaba da maimaita magani iri ɗaya, a hankali waɗanda suka fi jure masa ne ke rayuwa su haifi irinsu, har ya zo ya daina kama su.

Lokacin da ka ce ta sauka ma ba abin mamaki ba ne. Sanyin hunturu yana rage wa ƙwari saurin girma, da zarar zafi ya shigo sai komai nasu ya hanzarta. A daidai wannan lokaci daji ya bushe, zogalen da ke shingen gidaje ya kaɗe ganye ko ya rage, garkar da ake ba ruwa ce kaɗai kore shar, dole duk wata uwa da ke yankin ta nufo ta. A garaken da na yi aiki da masu su a wajen Ajiwa da Jibiya, na lura cewa inda aka fi kuka da ita shi ne inda aka cusa itatuwa kusa da juna, aka yawaita takin yuriya, kuma ake tsinkar ganye kaɗan-kaɗan kowace rana. Irin wannan tsinka tana da daɗi ga aljihu domin kullum akwai ciniki, amma tana nufin babu ranar da itacen zai rasa sabon toho, wanda shi ne abin da uwar ke nema ta zuba ƙwai. Wannan lura ce ta aiki a fili, ba awon ɗakin bincike ba, amma ta yi daidai da abin da aka sani game da halin ƙwaron.

Maganar guba a kan ganyen ci

A nan zan ɗan tsananta, Malam, ka yi haƙuri. Masara ko dawa idan aka fesa musu magani, abin da za a ci yana cikin rufi kuma sai bayan makonni ake girbe shi. Zogale kuwa wurin da maganin ya sauka shi ne abincin. Ana dafa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ana zuba shi a dambu da miya, ana shanya shi a daka a ba yara da masu jego don ƙarin jini da ƙarfi, wasu ma ɗanye suke sarrafa shi. Wanki da tafasa suna rage wani abu, amma babu wanda zai ba ka tabbacin sun fitar da komai, kuma magungunan da ba sa saurin tashi shanya ba ta kore su, sai ma ta tattara su a cikin ɗan garin da ya rage.

Shi dichlorvos ba ƙaramin abu ba ne. Saboda samun ragowarsa fiye da ƙa'ida ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ɗauki matakin taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwanni. Wanda ake ɗurawa a kwalabe marasa takarda ana yawo da shi kasuwa-kasuwa ya fi haɗari, domin ko mai sayarwa bai san ƙarfin abin da ke ciki ba. Haka nan tun da tsutsar masara ta shigo ƙasar nan a 2016, magungunanta suka cika shaguna, kuma na sha ganin mutum ya ɗauki ragowar na masara ya juye wa zogale ko alayyafo. Kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi an auna su ne a kan amfanin gonar da aka ambata a takardar, ba a kan kowane ganye ba.

Saboda haka ganyen da ke kan itatuwanka yanzu, wanda ya sha feshi sau biyu kuma tsutsa ta riga ta lalata, shawarata kada ka sayar da shi, kada kuma ka zuba wa awaki. Asara ce, na sani, amma ita ce kuma ƙofar gyaran.

Yadda nake ba da shawarar a tunkare ta

Zogale yana da wata baiwa da yawancin itatuwa ba su da ita, wato jure sara. Yana ajiye abinci da ruwa a kaurin saiwarsa, shi ya sa ko an datse shi ya koma kututture yakan tofo cikin kwanaki idan yana samun ruwa, kuma masu noma shi don ganye sukan sake yanka bayan kwana 35 zuwa 45. Wannan ya sa tsutsar ba ta cika kashe babban itace ba, sai dai ƙananan dashe da na cikin reno. Ka yi amfani da wannan baiwa. Ka datse itatuwan duka a rana ɗaya ko biyu, ka bar tsayin gwiwa zuwa ƙugu, da wuƙa ko adda mai kaifi don kada kan ya tsage. Ka kwashe rassan da ganyen ka fitar da su daga garkar nan take, ka binne su a rami mai zurfi ko ka ƙone su idan sun bushe a nesa. Idan ka tara su a gefen fangali ka tafi, tsutsotsin za su sauka su shiga ƙasa, aikin ya zama na banza. Da wannan yanka guda ka kawar da ƙwai da tsutsar da ke sama baki ɗaya, abin da babu feshin da zai yi maka.

Saura na ƙasa. Ka bi gindin kowane itace da fartanya ka kafce sama-sama, zurfin yatsa ya isa, kana kiyaye saiwa don kada ka ji mata rauni. Waɗanda ka tono rana za ta ƙona wasu, tururuwa su ja wasu. In kana da kaji ko zabi ka sake su cikin garkar a waɗannan kwanaki da babu ganyen da za su ɓata, za ka ga yadda suke bin bayan fartanya. Ka share busasshen ganye da ciyawar da ke gindin, domin nan iyaye ke lafewa da rana.

Duk da haka wasu za su tsira su fito cikin mako guda zuwa kwana goma, daidai lokacin da itacen ke fitar da toho, kuma wasu za su zo daga maƙwabta. A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, domin tsutsar da ba ta wuce kwana biyu ko uku da ƙyanƙyashewa ba ita ce mafi rauni, ba ta kuma gama saƙa wa kanta mafaka ba. Abin da nake sa manoma su fesa a wannan gaɓa shi ne ruwan 'ya'yan bedi, wato darbejiya, wanda Allah ya wadata mu da shi a kowane titi na Katsina da Daura. Ana tsince 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe sarai, a ajiye a buhun da iska ke shiga don kada ya yi fumfuna. Idan za a yi aiki sai a fasa a fitar da ƙwayar ciki, a daka giram 500 domin lita 10 ta ruwa, wato giram 750 ke nan ga injin goyo mai cin lita 15. A jiƙa shi ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu don kada ya toshe bakin injin, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki domin ya kama ganye. A nemi turmi na daban, domin ɗacin bedi ba ya fita da wuri, kuma uwargida ba za ta yafe ba idan ya shiga fura.

Sai rana ta yi sanyi ake fesawa, bayan la'asar sakaliya, saboda hasken rana yana kashe ƙarfin maganin, tsutsar kuma ta fi ci da dare. A jiƙa tohon sama da ƙasa. Ruwan da aka haɗa a yi amfani da shi a ranar, kada a ajiye. A maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, sau biyu ko uku, a dakata kamar mako guda kafin yanka, a kuma wanke ganyen sosai saboda ɗaci. Abin da ya kamata ka sani tun yanzu shi ne bedi ba ya zubar da tsutsa ƙasa a gabanka. Sinadarin cikinsa, azadirachtin, hana ta cin abinci yake yi, ya kuma rikita mata saɓar da take yi don ta girma, sai ta tsaya ta lalace cikin kwanaki. Manoma da yawa sukan duba washegari su ga tsutsa tana motsi su ce bai yi ba, su koma wa guba. Abin dubawa shi ne ko sabuwar ɓarna ta tsaya, ba ko gawa ta zuba ba. Ganyen bedi da wasu ke jiƙawa yana ɗan taimakawa, amma ƙarfinsa bai kusa na ƙwayar ba.

Akwai kuma maganin da ake kira Bt, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis. Nau'in da aka yi don tsutsar faɗa-wuta sai ta ci shi tare da ganye yake aiki, ya lalata mata ciki, ta daina ci cikin sa'o'i ta mutu cikin kwana biyu ko uku, kuma ba ya cutar da mutum ko dabba ko ƙudan zuma. Ga ganyen ci babu wanda ya fi shi dacewa a cikin na kwalba. Matsalarsa ba kowane shago ke ajiye shi ba, zafi yana lalata shi idan ya daɗe a kanta, kuma shi ma ƙaramar tsutsa ya fi kamawa. In ka same shi ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, ka fesa da yamma.

Hannu ma magani ne, kuma ga mai gindi goma ko ashirin a bayan gida shi kaɗai ya isa. Ko a garka irin taka, zagaye biyu a mako da sassafe, ana tsinke duk ganyen da aka gani a liƙe ana jefawa cikin bokitin ruwan sabulu, yana rage zubi na gaba ƙwarai. Fitilar bukkarka kuma ka mayar da ita ma'auni. Ka sa kwano da ruwan sabulu a ƙarƙashinta dare ɗaya ko biyu a mako, idan ka ga masu kamar da na bayyana sun ƙaru, ka san ƙwai yana sauka, bayan kwana uku zuwa biyar ne lokacin bedi. Ban ce ka dogara da ita don kisa ba, kuma kada ka bar ta kullum a tsakiyar zogalen.

Na san abin da zai tsaya maka a rai shi ne fiye da wata guda babu ciniki, ga masu kwaɗo za su koma wani wuri. Idan ba za ka iya datse duka ba, ka raba garkar gida biyu, ka fara da ɓangaren da ya fi lalacewa, ɗayan kuma ka bi shi da hannu da bedi har na farko ya kawo. Gaskiya wannan bai kai yankan bai ɗaya ba, domin ɓangaren da ka bari zai riƙa ciyar da wanda ka yanke da sababbin iyaye. A halin da kake ciki ma, tunda ganyen duka ya sha piya-piya, ni da zan zaɓa maka da na ce ka yanke gaba ɗaya wannan karon, daga baya ka tsara yanka fangali-fangali. Idan akwai masu zogale kusa da kai, kamar yadda ake samu a garaken gefen madatsun Sabke da Daberam, ku yi magana ku sa mako ɗaya, domin uwar ba ta san iyakar gonar kowa ba. Ka rage yuriya ka koma takin gargajiya da ya ruɓe sosai, in kuma itatuwan sun cushe ka cire wasu iska ta riƙa ratsawa.

Maganin kanti mai ƙarfi ban ce haramun ne a kowane hali ba. Yana da wuri a kan ƙananan dashe da ke reno waɗanda ba za a ci ganyensu ba sai bayan watanni, idan tsutsa na neman hallaka su. Ko a nan ma sai mai rajista, wanda takardarsa ta ambaci kayan lambu masu ganye, a bi awon da aka rubuta, a rufe hanci da jiki, a kuma cika kwanakin jira.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga garkarka ba, kuma bayanin baki ba ya maye gurbin gani da ido, saboda haka sunan da na ba ƙwaron hasashe ne mai ƙarfi bisa alamomin da ka faɗa. Kwanakin da na lissafa ma suna iya gajarta ko tsawaita gwargwadon zafi. Ƙarfin ruwan bedi yana bambanta daga itace zuwa itace da kuma yadda aka ajiye ƙwallon, don haka ka fara gwadawa a gindi biyar ka ga bai ƙona toho ba kafin ka bi sauran. Kada kuma ka sa ran za ta ƙare ƙaf, domin muddin ana noman zogale a yankin za ta riƙa leƙowa, abin nema shi ne a riƙe ta ƙasa da inda za ta taɓa ciniki.

Idan ka bi wannan tsari har yanka biyu ba ka ga sauƙi ba, ka ɗebi tsutsa biyar ko shida da ganyensu ka sa a kwalba mai faɗin baki da 'yar ƙasa a gindinta, ka rufe da ƙyalle, ka riƙa sa musu sabon ganye har su shiga ƙasa su fito da fiffike. Ka kai kwalbar ga malamin gona na KTARDA, wato hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Katsina, da ke yankinku, shi kuma zai iya miƙa ta ga masana ƙwari a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, domin da uwar ake tantance iri, ba da tsutsar ba. Ka tafi musu da kwalbar maganin da ka fesa da kwanakin da ka yi feshin.